Wa Ya Ba Malam Bulala? Rikicin Iko Tsakanin Ɗalibai Da Malamai A Makarantun Da



Shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Allah ya ja zamanin Sarki, hakimai da masu unguwanni, iyayenmu malaman zaure da abokan aikina malaman boko, iyaye mata, tsofaffin ɗalibai da suka ɗauki nauyin wannan zama, sai ku 'ya'yanmu ɗalibai da aka jera can baya, waɗanda na san rabinku ba da son ransu suka zo ba, firifet ne ya koro su. Sannunku da zuwa. Ina godiya ga masu shirya taro da suka ga na cancanci tsayuwa gaban manya.

An ba ni batu mai ƙaiƙayi: rikicin iko tsakanin ɗalibai da malamai a makarantun da. Na san abin da dattawa da yawa suka zo ji. So suke in ce a zamaninmu yaro ba ya haɗa ido da malaminsa, in ya hango shi a kasuwa sai ya sake hanya, amma 'ya'yan yau sun fitsare. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ban musa ba. To amma in haka zancen yake ɗungurungum, su wa suka yi yaji a Midil ta Kano tun kafin a haifi mafi yawanmu? Su wa suka riƙa farfasa tagogin ɗakin cin abinci a shekarun 1970? Aljanu ne? Ai wasunsu ga su nan zaune da furfura da carbi.

Abin da na zo faɗa guda ne. Malami yana riƙe da iko iri biyu. Akwai wanda iliminsa ya ba shi. Akwai kuma wanda wani ya ara masa: bulala, mabuɗin sito, rajista, alƙalamin kora. Kusan duk rigimar da tarihi ya adana mana a kan na aron aka yi ta. Kuma duk sa'ad da mai ba da aron ya ƙara nisa da yaro, rigimar takan ƙara zafi. Zan bi zancen daki-daki.

Na ɗaya: lokacin da uba ne ya ba da aron

A makarantar allo babu ruɗani game da inda ikon malam ya fito. Uba ne ya kamo hannun ɗansa ya danƙa. Malam ya san uban, uban ya san zauren malam, kuɗin Laraba kuma daga aljihun uban yake fitowa. Ana bugu, bugu ma ba na wasa ba, har muna da zancen da ake rarrashinmu da shi, wai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Amma akwai ƙofar fita. Yaro yakan gudu gidan kakarsa, kaka ta ɗaura gyale ta je ta yi magana, ko uba ya ɗauke allon ɗansa ya kai wani zauren ba tare da an ji kansu ba. Shi ya sa da wuya ka ji labarin almajirai sun haɗa kai sun yi wa malaminsu bore. Boren kolo shi ne gudu.

Ku dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Na san a garin da nake magana. Na san jihadinsa ne ya raba Sarki Muhammadu Makau da birnin Zazzau, har ƙanensa Abu Ja ya zo ya kafa garin nan a 1828. Amma yau a matsayin ɗalibi na kawo shi, don haka a yi mini afuwa. Shehu ya bi malaminsa Jibril ɗan Umar har Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa Makka, sai Shehu ya juyo gida, saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Kun ga inda ikon malami ya tsaya? Daidai inda uba ya shata masa.

Malaman mazhabarmu ma ba su bar bulala sakaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi kan ladubban malaman yara, ya ƙayyade cewa bugun ladabtarwa kada ya wuce uku sai da izinin uba, kuma ko da izinin kada a haura goma. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddima yana nuna cewa tsanantawa ga mai koyo tana koya masa ƙarya da kasala da munafunci, domin yakan koyi nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Ina tambayar 'yan'uwana masu dorina: mu nawa muke ƙirgawa mu tsaya a uku?

Inda wannan tsari ya ɓaci shi ne inda uba ya yi nisa: yaron da aka kai gabas aka manta da shi shekaru, ko wanda aka kai gidan mari aka juya baya. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutane fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, ya isa misali.

Na biyu: lokacin da En'e da Bature suka ba da aron

Boko ya shigo da wani sabon malami. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, su suka fara ƙyanƙyasar malaman. Daga wajen 1930, bayan tsarin da daraktan ilimi Hussey ya kawo, larduna suka samu makarantun Midil na kwana. Tamu ta Lardin Neja tana Bida. Yaron Abuja ta wancan lokaci, wato garin nan, sai ya bar iyayensa ya tafi ƙasar Nupe, ba ya ganin gida sai hutu.

Wa ya ba wannan malami iko? Sau da yawa ba uba ba ne. Uban ma ɓoye ɗan ya yi a rumbu, hakimi ya aiko aka zaƙulo shi. Albashin malami daga baitulmalin En'e yake fitowa, a samansa akwai Baturen makaranta, a saman wannan akwai Razdan. Kuma a karon farko malami ya zama shi ne mai ciyarwa, mai tufatarwa, mai raba sabulu, mai cewa a kwanta da a tashi. Duk abin da uwa take yi a gida an tattara an ɗora wa mutumin da ba shi ya yanka kasafin kuɗin ba. Ya zama kamar yaron shago: shi ake zagi kan tsadar kaya, mai shagon yana gida a kishingiɗe.

A irin wannan yanayi ne Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa da aka haifa a 1920, ya shiga Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa. A can, tsakiyar shekarun 1930, yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya shiga gaba a yajin ɗalibai, ɗaya daga cikin na farko-farko a ƙasar nan. Ku saurari koke-kokensu: ƙarancin sabulu, rashin kyan abinci, dokoki sun yi yawa, horo ya yi tsanani. A ciki kun ji an ce malamin lissafi bai iya lissafi ba? Kun ji an ce ba ma son karatu? Ko kusa. Yaron da ya ja yajin nan shi ne ya ci jarrabawa ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fito malami, aka tura shi Midil ta Bauchi a 1942, ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa. Da yau ne aka kawo mana fayil ɗinsa a kwamitin ladabtarwa, me za mu rubuta? Na rantse za mu rubuta “fitinanne, a sallame shi.” Ga shi kuwa da sunansa muke kiran filin jirgin saman Kano.

A Ikko abin ya fi haka muni. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suka karɓe ɗakunan kwanan King's College, aka kwashe ɗalibai zuwa masaukin da bai dace ba. Da suka yi bore, hukuma ta kama takwas daga cikinsu ta cusa su aikin soja ƙarfi da yaji. Hayaniyar da ta biyo baya tana cikin dalilan da suka sa aka yi taron da ya haifi jam'iyyar NCNC a watan Agustan wannan shekara. Rigimar wurin kwana ce ta zama siyasar ƙasa.

Kafin in bar wannan gaɓa, ya kamata a yi wa garin nan adalci. Marigayi Sarki Sulaimanu Barau, Allah ya jiƙansa, wanda daga sunansa aka samo Suleja, malamin makaranta ne kafin ya zama sarki. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Keffi da Bida, sannan ya hau gadon sarauta a 1944 ya riƙe har 1979. Ke nan shekara talatin da biyar mai ba da aron iko a nan mutum ne da ya taɓa riƙe alli, ya san abin da ake nufi da aji. Ba kowace masarauta ta samu wannan ba.

Na uku: aron aro

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ciwon yake. In ka zaunar da tsohon ɗan makarantar kwana ka ce ya faɗa maka wanda ya fi cutarsa, da wuya ya kira sunan malami. Sunan siniya zai kira. Har yau yana tuna sunan, da laƙabin, da lambar ɗakin.

Turawa sun kwafo tsarin firifet daga makarantun 'ya'yan manya na Ingila, ya kuma zo ya dace da abin da suka riga suka shimfiɗa a Arewa, wato mulki ta hannun sarakuna. Firinsifal shi ne Razdan, hedboyi shi ne sarki, kyaftin na gidaje su ne hakimai, manita mai unguwa. Ɗan aji ɗaya kuwa talaka ne tilis: shi ne mai ɗebo ruwa, mai wankin kayan siniya, mai riƙe langalanga a filin ƙwallo, mai miƙa naman da ke cikin kwanonsa in an yi sa'a akwai nama. Da dare, bayan malamai sun koma gidajensu, makaranta takan koma hannun yara 'yan shekara goma sha bakwai masu bel da waya. Kamun kunne, tsallen kwaɗo, gwale-gwale, kwanciya ƙarƙashin gado har asuba. Ga kuma dokar hana Hausa: ka yi suɓul da baka ka ce “wayyo” da harshen uwarka, manita ya rubuta sunanka, alhali shi ma da Hausa yake mafarki.

Tsarin yana da amfaninsa, kada in yi masa ƙazafi. Malamai ashirin ba za su iya tsare yara ɗari shida dare da rana ba, kuma mutane da yawa a nan suka fara koyon shugabanci. Amma ku lura da dabarar da ke ciki. Ta sa fushin yaro ya tsaya a kan ɗan'uwansa yaro. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma firinsifal da yawa sun ji daɗin wannan karin magana. Sannan ta yi wa wanda aka zalunta alkawari: yi haƙuri, baɗi war haka kai ma za ka samu naka ƙanen. Ta haka zalunci ya zama gado, kowane aji yana miƙa wa na bayansa.

Ga yadda boren makarantar kwana yakan faru, kuma duk wanda ya koyar a wancan zamani ya san wannan jeri. Gabza takan yi tsami, wake ya zo da ƙwari, shayi ya koma ruwan zafi mai launi. Yara suna ganin buhuna na shiga sito da rana, suna jin raɗe-raɗin suna fita da dare. Su gaya wa firifet na abinci. Shi kuwa yana cin nasa kason na musamman, sai ya ce za a duba. Su rubuta takarda ba suna su jefa ofis, a tara su a asambuli a ce sai an gano mai rubutun. Daga nan ƙofa ta rufe. Sai wani dare a ji an kashe fitilu, an buga ƙararrawa ba lokacinta ba, duwatsu sun fara sauka kan kwano. Ina ake nufa? Sito, da gidan mai kula da abinci, da motar firinsifal, da ɗakin hedboyi. A irin wannan dare na ga yara da idona sun kewaye gidan wani malamin kimiyya suna gadinsa, don kada wani ya jefa masa dutse bisa kuskure. Wannan malami kuwa ya fi kowa bugu a makarantar. Amma ba ya fashin aji, ba ya bugu sai da dalili, kuma ba a taɓa jin sunansa a zancen buhu ba.

Kashegari 'yan sanda su zo, a rufe makaranta, a kori mutum biyar ko goma da aka ce su ne kanwa uwar gami, sauran kowa ya dawo da ubansa da kuɗin ɓarna da takardar alkawari. Sai in tambaya: a cikin kwamitocin binciken da aka yi ta kafawa, sau nawa aka auna buhunan?

Na huɗu: lokacin da gwamnati ta ba da aron

Shekarar 1976 ta sauya garin nan ta fuska uku a lokaci guda. An ƙirƙiro Jihar Neja. An zartar da dokar sabon babban birnin tarayya, wanda ya karɓi sunanmu da wani yanki na ƙasarmu, ma'aikatan gina shi kuma a nan suka fara yada zango. Sannan aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka yi ambaliya, aka horar da malamai cikin gaggawa, aji ya cika ya batse da 'ya'yan mutanen da malami bai san daga inda suka fito ba. A sakandare ga ɗan bautar ƙasa, shirin da aka soma a 1973, yana koyar da ɗalibin da ya kusa sa'ansa, wani ma ya bar mata a ƙauye. Da albashi ya fara makalewa a farkon shekarun 1980, ɗalibi ya ga malaminsa yana karɓar bashi a wurin mai kanti, sai rigar aron ta fara nuna abin da ke ƙarƙashinta.

Maganin da gwamnatin soja ta kawo a ƙarshen shekarun 1970 shi ne tura sojoji makarantun sakandare su tsare ladabi. Ku yi tunani: an kawo kofur ya riƙe wa mai digiri bulala. Yara sun natsu na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma an sanar da su a fili cewa malami shi kaɗai bai isa ba.

A jami'a kuwa jini aka zubar. A watan Afrilun 1978 aka ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini. Abinci dai, kun ji, kamar Kano a shekarun 1930. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta tashi da boren da ake kira Ali Must Go, da sunan kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar, shugabannin jami'o'in garuruwan biyu suka rasa kujerunsu, aka kuma kori wasu malamai bisa zargin goyon bayan ɗalibai. Shekara takwas bayan haka, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗancan mamata, maza suka ratsa ɗakin kwanan mata na Amina, hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabanninsu, rigima ta kankama. Ran 23 ga Mayun 1986 'yan sanda suka shiga harabar jami'ar da ke Samaru da bindigogi. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Kwamitin Janar Abisoye da ya yi bincike ya ɗora wani ɓangare na laifin kan malamai, wai suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba.

Kun lura da inda malami ya koma? A zaure shi da uba ne gefe guda. A Midil shi ne fuskar hukuma. Zuwa 1978 da 1986, mai ba da aron ya yi nisa har ya daina bambance malami da ɗalibi, ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro.

Na biyar: ikon da ba a yi faɗa a kansa ba

Wannan gajere ne. Kada wani ya fita ya ce na ce ɗalibi ba ya saɓa wa malaminsa a ilimi. Yana saɓawa, amma dubi yadda abin yake kasancewa. Malam Jibril ɗan Umar ya tafi a kan cewa wasu manyan zunubai suna fitar da Musulmi daga addini. Shehu Usmanu bai yarda ba, ya kuma rubuta rashin yardarsa da hujjoji a littafinsa Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, tare da nema wa malamin uzuri da ci gaba da girmama shi har ƙarshen rayuwarsa. Ba a jefi kowa ba, ba a kori kowa ba.

Misali na biyu a garin nan ya faru. Michael Cardew, Baturen Ingila, ya zo a farkon shekarun 1950 ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata mata 'yar ƙasar Gwari, ya san ya gamu da gwana. Matar nan, Ladi Kwali, ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Ta koyi juya tukunya a kan faifai da shafa mata ƙyalli da gashi a murhu mai tsananin zafi, amma ba ta bar ginin hannu da zanen ƙadangare da kunama da kifi da ta gada ba, shi kuma bai ce ta bari ba. Da waɗannan tukwane aka yi baje koli a Landan. Cardew Bature ne, namiji ne, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, duk wani ikon aro yana hannunsa. Ita ko ajin boko ba ta taɓa zama ba. Hoton da ke bayan naira ashirin ɗin da ke aljihunku nata ne.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini 'yar takarda, na kuma san abin da ke cikinta.   Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Yanzu fili naku ne. A cikin ɗakin nan akwai tsofaffin firinsifal, akwai tsofaffin hedboyi, akwai kuma waɗanda aka taɓa kora suka dawo da iyayensu. Duk mai tambaya, ko gyara, ko ƙorafi, ya ɗaga hannu a miƙa masa makirufo.